Kafin Ku Ce Kwamfuta Ta Mutu

Ƙannena na Badaguishiri da Illela da Malbaza da Birnin Ƙonni, maza da mata, duk wanda Allah ya hore wa kwamfutar tafi-da-gidanka a cikinku, akwai ranar da zai danna maɓallin kunnawa ta yi masa shiru. Ba haske, ba motsin fanka. Roƙona gare ku a wannan ranar shi ne ku janye hannu tukuna. Injuna da yawa da ake kaiwa wajen gyara a lalace, rabin sa'ar da ta biyo bayan shirun nan ce ta ƙarasa su: mai abu ya ruɗe, ya shiga danna maɓalli da ƙarfin tsiya, ya ari cajar maƙwabci, ya bubbuga bayanta da tafin hannu, daga bisani ya ɗauko wuƙa ya fara ɓanɓarar murfi.

Na san abin da ke kawo ruɗewar, kuma ban raina shi ba. A wajenmu ba a tsintar kwamfuta a ƙasa. Wata kuɗin albasar rani ce ɗungum. Wata rago ne da aka turke wata da watanni aka kai kasuwar Alhamis. Wata kuma wani yaya ne da ke neman kuɗi a Abijan ko Libiya ya ƙuntata wa cikinsa ya aiko. Mafi yawansu na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, su biyo ta Yamai ko Kano ko Sakkwato su iso mana da tsufansu. Abin da ke cikinsu kuwa sau da yawa ya fi su tsada: memwar, wato kundin binciken kammala karatu, ta ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ya kwashe shekara yana rubutawa, makin ƴan aji na malamin makaranta, lissafin bashin taki na ƙungiyar manoma. Ga shi mai gyaran da ya san cikin inji sosai sai an hau mota zuwa Tawa ko Ƙonni, wani aikin ma sai Maraɗi ko Yamai. Wanda ke zaune nesa da mai gyara dole ya iya binciken farko da kansa, ya kuma san inda hannunsa zai tsaya.

Ku fara da fahimtar abin da maɓallin yake yi, don galibinmu mun ɗauke shi tamkar makunnin fitilar ɗaki, wanda wuta ke bi ta cikinsa. Ba haka yake ba. A kan babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, akwai wani ɗan ƙaramin guntu baƙi da ba ya barci muddin akwai batir ko caja. Ko kun kashe injin, shi yana nan a farke da ƴar wuta mai ƙarfin bolt 3.3. Da kun danna maɓalli, layin da ya haɗa su sai ya faɗi zuwa sifili na ɗan lokaci, guntun ya gane ana kira. Daga nan sai ya duba ko cajar da aka jona ta dace, ko batir yana da abin da zai bayar, ko zafi bai yi yawa ba. In ya gamsu, sai ya ba da izini a buɗe wa sassa wuta ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai na gabansa ya tabbatar lafiya lau. In ɗaya ya gaza, tafiyar ta tsaya nan.

Maɓalli ke nan mai sallama ne a ƙofar gida. In ka yi sallama ba a amsa ba, yana yiwuwa muryarka ce ba ta kai ba, amma ya fi yiwuwa yaron da ke zaure ne ba ya nan, ko kuwa mutanen gidan ne ke kwance ba lafiya. Ɗaga murya ba ya tayar da majinyaci. Shi ya sa nake cewa maɓallin da kowa ke fara tuhuma shi ya kamata a tuhuma daga ƙarshe. Ku bi wutar ta hanyar da take zuwa: bango, caja, bakin caji, batir, bod, sannan maɓalli.

Soket ɗin da kuka jona yana da wuta? Kada ku ga tambayar ta yi ƙanƙanta. Doguwar wayar nan mai baki huɗu ko biyar da ake sayarwa a tebur, bakinta ɗaya yakan saki alhali sauran suna aiki. Ku soka cajar waya a daidai bakin ku gani.

Kun san halin wutarmu ba sai na faɗa muku ba. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya yake zuwa. Da aka yanke shi a farkon Agustan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a Nuwamba 2018, tana nan kusa da mu tana nata ƙoƙarin, amma da rana take bayarwa. A cikin watannin duhun nan gidaje da shaguna da yawa suka koma ga janareta, ko farantin sola da batirin mota da inbata mai araha, wasu kuma har yau a kansu suke. Cajar kwamfuta tana da juriya. In kun juya bayanta za ku ga an rubuta tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raguwar wuta ba ta cika kashe ta ba. Tsalle ne ke kashe ta: dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, janaretan da mai ya kusa ƙare masa yana haki yana zabura, tsawar farkon damina da ta bi waya. Ku saba wa kanku: da an ɗauke wuta a zare caja daga bango, in an kawo a ba ta ƴan mintoci ta natsu. Janareta kuma a tayar da shi ya daidaita kafin a jona, a zare kafin a kashe shi.

Yanzu ɗauko cajarka ka duba wuyanta, wato inda waya ta shiga kan da ake sokawa a kwamfuta. Nan take karyewa, don nan ake lanƙwasawa kullum idan an naɗe ta tamau an cusa a jaka. Robar takan tsage, ka hango siraran wayoyi masu ƙyalli sun barbaje ta ƙarƙashin baƙin salatif da aka naɗa, salatif ɗin ma zafi ya narkar da ƙaronsa yana manne wa yatsa. In har sai ka karkata wayar, ko ka tokare ta da littafi, kafin fitilar caji ta kama, to ko wayar ta karye ta ciki ko bakin cajin da ke jikin kwamfutar ya girgiɗe. Kada a ci gaba da lallaɓawa haka. Duk sa'ad da haɗin ya yanke ya dawo, tartsatsi ne ke tashi a wurin, kuma yau da gobe sai ya ci bod.

Wasu cajojin, musamman na Dell, suna da ƴar fitila a jikinsu, kuma fitilar nan tana ba da labari mai amfani. In kun jona a bango ba ta kama ba, cajar ce ko wayar bangonta. In ta kama, amma da kun soka a kwamfuta sai ta mutu nan take, to wani abu ne ya haɗe a cikin kwamfutar, cajar kuma ta yanke wuta don ta tsare kanta. A nan ku tsaya cak. Kada ku nemo wata caja mai ƙarfi ku gwada, kada ku ƙara dannawa. Wannan aikin mai gyara ne.

Aron caja shi ne inda na fi jin tsoro, don shi ne abin da zumunci ke fara kawowa. Da ka ce taka ta ƙi, abokan fada za su miƙo nasu da zuciya ɗaya. Karɓi, amma karanta kafin ka soka. A bayan kowace caja, da kuma ƙarƙashin kwamfutar ko cikin gurbin batir, an rubuta bolt da amfiya ko wat. Galibin HP da Dell bolt 19.5 suke ci, Lenovo 20, Acer da Asus da Toshiba 19. Bolt ya zama daidai da abin da aka rubuta. Wat kuwa ya fi ba laifi, ya gaza ne matsala: injin da ke son 65 zai yi aiki da 90 lafiya, amma da 45 yana iya ƙin yin caji ko ya ƙi tashi. Ku leƙa cikin kan cajar HP ko Dell, za ku ga wata siririyar allura a tsakiya. Ta cikinta caja ke gabatar da kanta ga kwamfuta. In ta lanƙwashe ko ta karye, Dell takan ce ba ta san cajar ba ta ƙi cika batir, wasu HP kuma ko motsi ba sa yi. Manyan kawunan kamfanonin biyu sun yi kama har ɗaya yana shiga gurbin ɗaya, amma saƙon da allurar ke kaiwa ba iri ɗaya ba ne. Cajar nan kuma mai kawuna takwas da ɗan makunnin da ake turawa daga bolt 12 zuwa 24, wadda ake cewa tana yi wa kowace kwamfuta, ba na ƙaunarta ko kaɗan. Yaro ɗaya ya tura makunnin zuwa ƙarshe yana wasa, shi ke nan. Masu sababbin injuna da ke caji ta bakin USB-C su ma su sani, cajar wayar salula tana shiga daram amma yawancinta ba ta da ƙarfin da kwamfuta ke nema, wanda galibi bolt 20 ne da wat 45 ko 65. In za ku sayi sabuwa ku auna nauyinta a hannu, jabu ba ta da nauyi. Araha ba ta ado, a nan kuma har ɓarna take yi.

In caja lafiya take, saura batir. Akwai abin da ke faruwa kowace shekara a ƙarshen hutun damina. Ɗalibi ya dawo gida a Yuli, ya rufe kwamfuta da ɗan cajin da ya rage, ya sa ta a akwati ya shiga gona. Sai Oktoba ya buɗe, ta ƙi tashi. Batirin litiyam yana zubar da wuta a hankali ko ba a amfani da shi, in ya faɗi ƙasa da wani mataki kuma sai ya kulle kansa. Irin wannan a jona shi a bar shi rabin sa'a zuwa sa'a guda ba tare da an taɓa maɓalli ba, da yawa suna farfaɗowa. In za ku ajiye inji na tsawon lokaci, ku bar batirin a wajen rabi, ku kashe shi kashewa ta sosai ba rufe murfi kawai ba, ku riƙa ba shi ɗan caji duk wata. Akwatin ma a duba shi, don kyankyaso da kiyashi suna son ɗumin cikin inji.

Daga nan sai abin da ya fi komai sauƙi kuma ya fi tayar da injuna. Ku zare caja. Ku cire duk abin da ke maƙale, filashi da linzami da katin ajiya da wayar firinta. In batirin mai fita ne ta baya, ku zame shi. Sai ku danna maɓallin kunnawa ku riƙe, ku ƙirga talatin a natse. Abin da kuke yi shi ne zubar da ragowar wutar da ta maƙale a bod, domin guntun nan mai farke yakan rikice ya tsaya a tsakiyar aiki, kuma ba ya dawowa hayyacinsa sai wuta ta yanke masa gaba ɗaya. Bayan haka ku jona caja kaɗai, ba batir, ku danna sau ɗaya. In ta tashi, ku kashe ku maida batir ku sake gwadawa. In da batir ta ƙi amma ba batir ta yarda, kun kama mai laifi, kuma za ku iya ci gaba da aiki a kan caja kafin ku samu wani. Injunan da batirinsu ke ciki a rufe, wasu daga cikin Lenovo ThinkPad da Acer suna da ɗan rami kamar na allura a ƙarƙashi. A zare caja, a soka tsinke ko ƙarfen cire layin waya a hankali a riƙe na ƴan daƙiƙu, shi ne madadin cire batirin. Ku tabbata ramin ne, akwai ƴar alama kusa da shi, kada ku soke makirufo.

Akwai kuma injin da ba mutuwa ya yi ba, makancewa ya yi, kuma rarrabe su yana rage rabin wahala. Bayan kun danna, ku kara kunne. Fanka ta juya ko da sau ɗaya? Ku sa hannu a gefen da iska ke fita. Ku danna maɓallin manyan baƙaƙe ku ga ko fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, maɓallin kunnawa ya yi aikinsa, a sallame shi. Ku shiga ɗaki mai duhu ku haska fuskar kwamfutar da tocilar waya daga gefe, kusa sosai. In kun hango inuwar rubutu ko hoto can ciki, injin yana aiki, fitilar bayan gilashin ce ta mutu ko wayar da ta bi ta mahaɗin murfi ta yanke. Ku jona ta da talabijin ta wayar HDMI, sau da yawa sai ga komai ya fito, har ku kwashe aikinku a ranar.

In kuma fitila ce ke ƙyaftawa tana tsayawa tana sake ƙyaftawa, wannan magana ce injin yake yi. HP takan yi ta da fitilar manyan baƙaƙe, Dell da fitilar batir ko ta maɓalli, ruwan goro sau kaza, fari sau kaza. Kowane ƙirge da ma'anarsa a littafin kamfanin, wani RAM yake nufi, wani batirin agogo, wani bod. Ku ɗauki bidiyonsa da waya, ku rubuta lambar samfurin da ke ƙarƙashin injin, ku nema a shafin kamfanin ko ku tura wa mai gyara kafin ku biya kuɗin mota.

Abu biyu ne kawai nake yarje wa mai natsuwa ya taɓa a ciki, shi ma in injin tsoho ne mai ƴar ƙofa a ƙarƙashi da kusa ɗaya ko biyu. Na farko RAM, ɗan siririn allon nan mai haƙoran zinariya. Ƙura da jijjigar babur a kan hanyar ƙauye sukan sa ya saki. A zare caja da batir, a taɓa ƙarfen ƙofa ko taga don wutar jiki ta fita, a buɗe ƴan maƙallan gefe biyu, zai ɗago da kansa. A riƙe shi ta gefe, a goge haƙoran da magogin fensir mai tsabta, a maida shi a karkace a danna har ya ce ƙas. In biyu ne a gwada ɗaya-ɗaya. Na biyu batirin agogo, mai kama da kwabo, galibi CR2032 mai bolt 3. Alamarsa tana zuwa da wuri: kwanan wata ya riƙa komawa baya duk sa'ad da aka kunna. A wasu injuna in ya mutu sarai yakan hana tashi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai yanzu muka iso kan maɓallin. Yana lalacewa, ba na musu. Ku ji shi da yatsa: lafiyayye yana nutsewa ya ce ƙit ya dawo. Wanda ya lotsa ya zauna, ko ya yi laushi ba ƙara, ko yake motsi gefe da gefe, robarsa ce ta karye ko ƙasa ta cika ƙarƙashinsa. A tsofaffin injuna yana zaune a kan wani ɗan allo nasa, wata siririyar waya mai faɗi ta haɗa shi da bod. Maɓallin yakan kasance kusa da mahaɗin murfi, kuma in mahaɗin ya yi tauri da ƙura har ya fara tsaga roba, yakan fizge wayar ko ya karya allon. Saboda haka in kun ga kusurwar injin tana buɗewa duk sa'ad da kuka ɗaga murfi, ku gyara tun kafin ta kai can, ku kuma riƙa ɗaga murfin ta tsakiya. A sababbin Asus da Acer da wasu HP, maɓallin yana cikin jerin madannan rubutu ne, don haka in madannan suka lalace shi ma ya tafi, maganin kuma sauya madannan gaba ɗaya. Masu Lenovo IdeaPad su duba gefen injin, da yawa suna da wani ɗan maɓalli na biyu da ake kira Novo, wanda ke tayar da shi ba ta babban maɓallin ba. In ta tashi da wannan, kun tabbatar da inda ciwon yake.

Za ku ga bidiyo a intanet inda ake haɗa ƙafafun maɓalli biyu da bakin ƙarfe injin ya tashi. Gaskiya ne, masu gyara suna yi, amma sun auna da mita sun san wace ƙafa ce wace. Kusa da layin nan mai bolt 3.3 akwai mai bolt 19. Hannu ya goce kaɗan, gyaran da zai tsaya a kan ƴar waya ya koma sayen bod.

Ƙasarmu tana da wuya ga waɗannan injuna. Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa iyakar zafin wurin da za a yi aiki da su digiri 35 ne, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe injin da ya yi shekara biyu a yankinmu na Adar ba a share ba ya san abin da nake nufi: tsakanin fanka da ƴan haƙoran tagullan da iska ke bi, ƙura da zaren bargo sun dunƙule sun zama wani jan ƙyalle mai kauri, ana ɗaga shi da tsinke ya fito sukutum. Injin da ke haka zai riƙa mutuwa da kansa a tsakiyar aiki, ya ƙi tashi sai ya huce. Kada ku ɗora shi a kan katifa ko darduma ko filo, ku sa shi a kan katako ko faranti, ku ɗan ɗaga bayansa. Ku kai shi a share a ƙarshen kowane hunturu. Zafin nan kuma shi ke kumbura batir. In kun ga wurin da ake shafa yatsa ya tasa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko injin yana rawa a kan tebur, ku daina caji daga ranar. Kada a danna shi, kada a huda, kada a jefa a shara da za a ƙona, domin yana kama wuta mai wuyar kashewa.

Shayi kuwa, na san ba za ku bari ba, kuma ban ce ku bari ba. Ku dai raba tabarmar shayi da ta kwamfuta. In tsautsayi ya sa ya zube, ku zare caja, ku danne maɓalli har ta mutu, ku cire batir in yana fita, ku kifa ta a buɗe. Daga nan kada ku kunna don ku ga ko tana aiki, wannan gwajin shi ke ƙone ta. Turbuɗa ta a shinkafa ko shanya ta a rana ba ya fitar da sukari. Ruwan zai bushe, sukarin ya zauna a kan bod yana cin ƙarfe a hankali, bayan mako biyu ta mutu ana mamaki. Sai an buɗe an wanke da alkol, kuma da wuri.

Idan tafiya wajen mai gyara ta kama, ku je da caja, ku kuma je da labari cikakke. Yaushe ta yi aiki na ƙarshe, a kan wace wuta, ta faɗi ko ruwa ya taɓa ta, me kuka gwada. Kada kunya ta sa ku ɓoye cewa kun buɗe ko kun ari caja, ɓoyewar kuɗinku take ƙarawa. Ku lura da abin da ya fara yi. Wanda ya ɗauko mita ya auna caja, sannan ya auna bod, yana kan hanya. Wanda ko kusa ɗaya bai kwance ba ya ce bod ya tafi amma zai saya a hannunku a matsayin kayan gyara, ku yi masa godiya ku nemi wani. Ku yi ciniki kafin a fara aiki, ku ɗauki hoton lambar RAM da ta diski da ta batir a gabansa, ku ce a ba ku duk abin da aka cire. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Ku kuma faɗa masa tun farko kada ya goge komai. Ko bod ya ƙone, aikinku yana kan diski, kuma a yawancin injuna ana zare diskin a sa shi a ɗan gida mai wayar USB a karanta a wata kwamfutar. Amma a ƙananan injuna masu araha da sababbin MacBook, ma'ajiyar a like take da bod, ba ta fita. Sababbin Windows kuma sukan kulle diski da BitLocker ba tare da mai shi ya lura ba, makullin lambobi 48 ne da ke ajiye a asusunsa na Microsoft. Yau, tun injinku yana tashi, ku nemo lambobin nan ku rubuta a takarda. Mai rubuta memwar ya riƙa tura wa kansa ta imel duk daren da ya ƙara shafi, asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, ya kuma ajiye kwafi a filashin da ba ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. Ƙannena mata musamman, in akwai hotunan gida a ciki kuma ciwon na wuta ne, kuna da damar ku ce a zare diskin a ba ku kafin ku bar injin a shago. Gyaran maɓalli ko bakin caji ba ya bukatarsa.

A cikinku akwai waɗanda suka karanta wannan hannunsu yana ƙaiƙayi, waɗanda tun suna ƙanana suke kwance rediyo da tocila. Ku nake so ku ɗauki sana'ar nan da gaske, don garin da motocin Tawa da Ƙonni ke ratsawa kullum, ga kasuwa mai tara jama'a kowane mako, bai kamata a riƙa fita da inji daga cikinsa saboda karyayyar waya ba. Kayan farawa ba su da yawa: mitar awon wuta, ƙananan sukundireba, buroshi mai laushi, alkol, ƙarfen dalma, da littafin da za ku riƙa rubuta kowane inji da alamarsa da abin da aka samu. Ku nemi ubangida a Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi ku zauna ƙarƙashinsa ko da hutu ɗaya ne. Ku roƙi matattun injuna da cajojin da aka yar ku koya a kansu, ba a kan ta ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ba. Darasin farko shi ne awon caja: a juya mita zuwa bolt na wutar batir, baƙin tsinke a bayan kan cajar, ja a bangon cikinsa ba tare da ya taɓa allurar tsakiya ba, a karanta lambar a gwada ta da wadda aka rubuta a jikinta, sannan a lanƙwasa wuyan wayar a hankali a ga ko lambar za ta faɗi.